Tambaya da Amsa: Me tsofaffin jaridu ke nufi da "we learn"?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun tarihi, ina shekarar ƙarshe. Aikin kundina ya sa ina yawan zama da tsofaffin jaridun Turanci, na Ingila da na Legas, na zamanin mulkin mallaka da ma kafin nan. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Labari bayan labari sai in ga an buɗe shi da "we learn that". Mu dai a makaranta an ce mana "learn" koyo ne, kamar koyon karatu ko koyon ɗinki. To me ɗan jarida yake koyo a labarin isowar jirgin ruwa ko naɗin sabon gwamna? Har a sanarwar rasuwa na ga "we regret to learn", na rasa yadda zan fassara shi. Sannan labarin da aka fara da wannan kalma, zan iya kafa hujja da shi a kundina? Allah ya ƙara basira.

Ɗaliba daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa a gama lafiya. Abin da aka koya muku daidai ne, sai dai ba a kai ku ƙarshensa ba. Tun wajen shekara ta 1200 mutanen Ingila ke amfani da wannan kalma da wata ma'ana ta biyu, wato samun labari, ko gano abin da a da ba a sani ba. Saboda haka idan tsohuwar jarida ta ce "we learn that", cewa take yi: labari ya iso mana cewa kaza ya faru.

Rarrabewar ba ta da wuya. Ki dubi abin da ya zo bayan kalmar. In "to" ne, ko sunan wani fanni ko wata sana'a, koyo ake nufi. In "that" ne ko "of", labari ake nufi. Wadda ta fi ruɗa ɗalibai ita ce "from", domin tana tafiya da ma'anonin biyu. Yaro ya ce ya yi "learn from" mahaifinsa, darasi ya ɗauka. Amma in jarida ta rubuta "we learn from Lokoja that", wasiƙa ce ko wayar tangaraho ta zo daga Lakwaja, sai aka sa sunan garin a gurbin sunan wanda ya aiko. Ki kula da sunan garin nan sosai. A wurin mai binciken tarihi ya fi komai daraja a jimlar, tunda shi kaɗai ne zai nuna miki hanyar da labarin ya biyo kafin ya hau takarda.

Ita kuwa "we regret to learn of the death of", fassararta ita ce: muna baƙin cikin samun labarin rasuwar wane. Tana da 'yar'uwa ta farin ciki, "we are glad to learn", wadda za ki gani idan wani ya warke daga ciwo, ko an yi masa ƙarin girma, ko ɗansa ya ci jarrabawar zama lauya a Landan. Jaridun Legas na da suna son waɗannan biyun ƙwarai, domin masu karatunsu ba su da yawa kuma galibi sun san juna, jaridar tana yi musu barka da ta'aziyya kamar ɗaya daga cikinsu.

Wannan ke nan game da ma'ana. Tambayarki ta ƙarshe ita ce babba, kuma ba za ta amsu ba sai mun duba dalilin da ya sa kalmar ta cika jaridu tun farko.

Jaridun farko a Ingila ba su da wakilai masu fita neman labari. Mai maɗaba'a ne zaune a shagonsa yana jiran abin da mai kawo wasiƙu zai sauke, da abin da matuƙan jiragen ruwa da 'yan kasuwa za su faɗa a gidajen shan gahawa na Landan. Jaridar gwamnati da aka fara bugawa a Oxford a watan Nuwamba na 1665, lokacin da annoba ta kori Sarki da fadawansa daga Landan, wadda ta koma London Gazette a Fabrairun 1666, kusan duk labaranta na ƙetare haka suke: sunan gari, kwanan wata, sai abin da wasiƙar ta ƙunsa. Da aka fara jaridar kullum-kullum ta farko, Daily Courant, ranar 11 ga Maris 1702, takarda ɗaya ce tak, kuma mafi yawan abin da ke ciki fassara ce daga jaridun Holan da Faransa. A fitowarta ta farko ta yi alkawari guda biyu da har yau nake jin daɗin tunawa da su. Ta ce za ta riƙa faɗin jaridar da ta ɗauko kowane labari daga gare ta, domin mai karatu ya ga ƙasar da labarin ya fito ya auna gaskiyarsa da kansa. Ta kuma ce ba za ta sa sharhinta ba, tunda tana ɗauka mutane suna da hankalin da za su yi wa kansu sharhi.

Ki haɗa wannan da tsawon lokacin da labari ke ɗauka a hanya. An gwabza yaƙin ruwa na Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805, amma takardar sanarwa ba ta shiga Landan ba sai daren da zai waye 6 ga Nuwamba. Hafsan da ya kawo ta ya sauka daga jirgi a Falmouth, wani gari na bakin teku a Ingila, ya yi mil 271 a keken doki, kwana ɗaya da rabi yana sauya dawaki. Yaƙin Waterloo ranar Lahadi 18 ga Yuni 1815 aka yi shi, kusa da Ingila, cikin ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, duk da haka sai daren Laraba takardar Wellington, kwamandan sojojin Birtaniya a yaƙin, ta iso, kuma tsakanin Lahadi da Laraba babu irin jita-jitar da ba ta zaga Landan ba. An harbi Shugaba Lincoln na Amurka ranar 14 ga Afrilu 1865, ya cika washegari, mutanen Landan ba su karanta ba sai 26 ga wata, saboda wayar ƙarƙashin teku mai ɗorewa tsakanin Turai da Amurka sai a 1866 ta kama aiki.

Ki sa kanki a kujerar editan wancan zamani. Jarida za ta fita gobe da asuba ko ta halin ƙaƙa. A hannunsa akwai wasiƙar ɗan kasuwa, da maganar da wani fasinja ya yi da ya sauka daga jirgi, da raɗar da wani ma'aikacin gwamnati ya yi masa a kunne, da sanarwar da ofishin minista ya aiko a rubuce. Huɗun nan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma dole ya nuna wa mai karatu haka cikin kalma biyu ko uku. A nan ne waɗannan kalmomi na yau da kullum suka sami aiki. A iya zamana da tsofaffin jaridu, haka na ga suna jeruwa. "We hear" ita ce ta ƙasa, wato mun ji ana faɗa. Ta cika jaridun ƙarni na 18, har da ta Benjamin Franklin a Philadelphia. Tare da ita akwai "they write from", wato an rubuto daga gari kaza. Sama da su akwai "we understand", wadda ke nuna wani na ciki ya yi magana amma ba a yarda a ambace shi ba. "We learn" ta fi ta ƙarfi kaɗan, editan yana cewa ya gamsu abin ya tabbata. Can ƙoli kuma "we are authorised to state", wato mai abin da kansa ya ba mu izini mu faɗa. Babu wanda ya rubuta wannan a matsayin doka, kuma za ki tarar da editocin da suka cakuɗa su, musamman "learn" da "understand". Al'ada ce ta sana'a, masu karatu na lokacin kuma sun san ta kamar yadda mu muka san bambancin "wai" da "na gani da idona".

Wanda ya yi karatun zaure ba baƙon wannan tsari ba ne. A Muwaɗɗa akwai wuraren da Imamu Malik bai jero masu ruwaya ba, sai dai a ce labari ya iske shi cewa kaza, waɗanda malamai ke kira balagat. Ba su zubar da su ba, ba su kuma ɗora su a matsayin wanda isnadinsa ya cika ba. Bin diddiginsu suka yi, har Ibnu Abdil Barri ya samo isnadin dukkansu in ban da guda huɗu. Nesa ba kusa ba, ban daidaita jarida da hadisi ba. Tarbiyyar nake so ki ɗauka: mai faɗar magana ya nuna yadda ta zo masa, mai karɓa kuma ya bi sawu.

Saura kalmar "we". Su wane ne "mu"? Jaridar ce kanta. A Ingila an daɗe ba a sa sunan marubuci a kan labari, sai dai a ce daga wakilinmu. Jaridar The Times, wadda aka kafa a 1785, ba ta fara sa sunayen wakilanta a kai a kai ba sai 1967, The Economist kuwa har yau ba ta sawa. Tunda babu sunan mutum, gidan jaridar ne ke ɗaukar nauyin maganar gaba ɗaya. In ta zama ƙarya, mutuncin gidan ne ya zube, kuma shi za a kai ƙara. Daga shekarun 1880, da aka ware wasu 'yan jarida aka ba su damar tsayawa a farfajiyar majalisar dokokin Birtaniya su tattauna da 'yan majalisa bisa sharaɗin ba za su ambaci suna ba, sai "understand" da "learn" suka ƙara samun kasuwa a labaran siyasa. Sau da yawa ministan da ake magana a kansa shi ne ya ba da labarin.

To ko za ki kafa hujja da shi? Za ki iya, amma hujja ce a kan abu biyu kawai: cewa a ranar da aka buga, wannan magana ta riga ta isa garin da jaridar take, da kuma cewa editan ya yarda da ita har ya sa sunan gidansa. Ba hujja ba ce cewa abin ya faru kamar yadda aka faɗa. Don haka a kundinki ki rubuta: jarida kaza ta ranar kaza ta ce ta samu labarin cewa. Kada ki cire wannan gaɓar ki mayar da maganar taki.

Kada kuma ki tsaya a fitowa ɗaya. Ki buɗe ta mako mai zuwa da ta bayanta, domin a nan ake samun tabbatarwa, ko kuma 'yar gajeriyar sanarwa a lungun shafi cewa an nemi jaridar ta ƙaryata abin da ta buga. Ki san kuma ra'ayin gidan. Lagos Weekly Record ta iyalan Jackson, wadda ta fara a 1891, ta yi ƙaurin suna wajen sukar Gwamna Lugga, ita kuwa Nigerian Pioneer ta Kitoye Ajasa, da aka kafa a 1914, tana tare da gwamnati. Kowace da irin mutanen da ke rubuto mata. In labarin na Arewa ne ki ƙara lura, musamman kafin layin dogo ya iso Kano a 1911, lokacin da tafiya daga Kano zuwa Legas ke cin makonni. Labari irin wannan sai kin gwada shi da rahoton Razdan ko na Di'o a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko abin da ke cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa, sannan da abin da mutanen garin suka riƙe a baki ko suka rubuta da ajami. Shi ma rahoton Razdan ba wankakke ba ne, yana da abin da yake so shugabanninsa su ji. Amma in biyun suka haɗu a kan rana da wuri, kin sami abin takawa.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Kullum sai na ci karo da "it was gathered that" da "it was learnt that" a jaridun Nijeriya. Wani abokin aikina yana cewa "an tattaro cewa", ni kuma abin ba ya yi mini daɗi a kunne. Yaya ya kamata mu faɗa?

Mai fassara daga Katsina

AMSA

Kunnenka ya yi gaskiya, ɗana. Bahaushe yana tattara hatsi, yana tattara bayanai, amma ba ya "tattaro cewa". Na taɓa jin "an koyi cewa" ma a wata tasha, wanda ya fi muni, don mai sauraro ba zai gane komai ba.

Waɗannan biyun jikokin abin da na gama yi wa 'yar'uwarka bayani ne. Aikin jarida da Turanci a ƙasar nan daga hannun Ingilishi aka gaje shi, tun daga jaridun Legas na ƙarni na 19 zuwa Daily Times ta 1926, da West African Pilot ta Azikiwe a 1937, har New Nigerian da ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966. A Ingila da Amurka salon ya ja baya, an fi son a ce wane ya ce, ko wani jami'i da ya nemi a sakaya sunansa ya ce. Mu kuwa mun riƙe shi, muka kuma yi masa wani sauyi da ke damuna: mun cire "mu". Tsohon edita cewa yake mun samu labari, ya tsaya a bayan maganarsa. Na yanzu cewa yake an samu labari. Wa ya samu? Daga wa? Jimlar ba ta da mai ita, kuma da gangan aka gina ta haka.

Ba ina cewa ɓoye majiya laifi ba ne. Na yi aikin gyaran labarai a wani gidan jarida a Kaduna a shekarun 1980, na san abin da ambaton suna ke jawowa. A 1984, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda-guda kan labarin naɗin jakadu, kuma sun ƙi faɗin wanda ya ba su labarin. Duk wanda ke cikin sana'ar a lokacin ya san cewa wani lokaci sakaya suna shi ke tsare aikin mutum, ko 'yancinsa.

Amma ga yadda ake yi a ɗakin da na zauna. Editanmu na dare dattijo ne mai jan biro a bayan kunne. In ɗan rahoto ya miƙo takarda da "it was learnt" a ciki, sai ya ɗora yatsa a kan kalmar, bai ɗago kai ba, ya ce: wa ya gaya maka? In an faɗa, sai ya ce: yana wurin, ko shi ma ji ya yi? Sannan: ban da shi wa kuma? Wanda ya amsa ukun, labarinsa ya wuce, sunan majiyar kuma ya tsaya a ɗan littafin da dattijon ke kullewa a aljihun tebur. Wanda ya fara kame-kame, sai a zare biron a ja layi a kan sakin layin gaba ɗaya, ko da injin yana jira. Mai karatu bai ga sunan ba, amma akwai suna, kuma akwai wanda ya san shi ban da ɗan rahoton. Abin da ke sosa mini rai yau shi ne yadda ake ɗauko maganar da ke yawo a WhatsApp, a liƙa mata "it was reliably gathered", a sake ta. Da wannan ake ɓata sunan mutanen kirki, da shi ake hura wutar rikici tsakanin maƙwabta, kuma in an tashi neman wanda ya faɗa babu shi.

Kai mai fassara kana da hannu a nan fiye da yadda kake zato, domin dubban masu sauraronka ba za su taɓa ganin Turancin ba, muryarka kawai suka sani. Abu na farko, mayar wa jimlar da mai ita. In daga jarida ka ɗauko, ka ce: jarida kaza ta ce ta samu labarin cewa. In wakilinku ne ya aiko, ka ce: wakilinmu ya samu labarin cewa. Kada ka ɗaga ta zuwa "an tabbatar da cewa" ko "bincike ya nuna", don ba a tabbatar ba, ba a kuma nuna maka binciken ba. "Majiya mai tushe" ma kada ka ba da ita kyauta. Ka ajiye ta sai inda editanka ya san majiyar kuma ya yarda da tushenta. Kada kuma ka sauke ta zuwa "wai", domin a bakin mai karanta labarai "wai" tana ɗauke da shakka, kamar tashar ce ke ƙaryata labarin, alhali ba hurumin mai fassara ba ne ya yanke wannan hukunci.

In labarin ya shafi rai, ko zargin wani da laifi, ko rikicin ƙabila ko addini, kuma babu komai a ƙarƙashinsa sai "it was gathered", ka kai wa editanka kafin ka fassara. Ka nemi a kira kakakin 'yan sanda, ko asibitin, ko shi wanda ake zargin. In sun yi magana, ka sa abin da suka ce da sunansu da muƙaminsu. In an kira ba su ɗauka ba, ka faɗa wa masu sauraro cewa an neme su ba a same su ba, da lokacin da aka neme su.